Yadda Za Ka Tsallaka Iyakar Kwali a Makarantar Jikarka

Kai tsohon da aka ba wa ɗakin bakin ƙofa, matso kusa. In makarantar jikarka ta shiga sabon yayin nan na koya wa yara al'adun duniya, aka shirya taro aka gayyaci kowa ban da kai, to ka zo wurin gwani. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shiga makarantar nan har ƙuryarta, ba kati, ba roƙo, ba mai riƙe maka riga. Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma mai buga takarda na bakin kasuwa ke rubutawa ina faɗa masa. Amma iyakokin ƙasa na gaskiya da na tsallaka, masu soja da kare da waya mai ƙaya, yatsun hannu ba za su ƙirga su ba, kuma ga ni nan da raina ina cin nama da sauran haƙorana. Waɗanda suka fi ni takardu da yawa suna ƙarƙashin ƙasa.

Mataki na 1: Gane abin da suke kira duniya

Fara da sa ido. Za ka ga jikarka, da shigarta ƙaramar sakandare, ta daina dawowa da lissafi, sai kwali da gam da almakashi. Ka tambaya, za a ce maka sabuwar manhaja ce. Kowane zango ana ɗaukar ƙasa guda a koya wa yara ita: hularsu, rawarsu, abincinsu, gaisuwarsu. An gama da ƙasa ke nan, a kawo ta gaba.

Kada ka yi dariya da ƙarfi, surukarka na ji. Ka yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Jikata ta nuna mini hoton ƙasar ƙanƙara, mutane sun riƙe hannu suna tsalle cikin jajayen riguna. Na ci sanyin ƙasar nan a bayan wani sito na kifi har yatsan ƙafata guda ya zauna can, ban ga mai tsalle ko ɗaya ba. Abin da na gani mai gidan haya ne da ɗan sanda. In kana son sanin ƙasa, ka ji yadda mai gidan haya ke buga ƙofa, ka ga ko ɗan sandansu da tafin hannu yake mari ko da bayansa, ka duba abin da suke zuba wa baƙo a kwano in sun tabbata ba zai taɓa rama musu ba. Wannan duk babu shi a littafin. Na tambaya, an ce ba ya cikin abin da za a yi jarrabawa a kai.

Abin lura: ƙasar da za a iya yanka ta da almakashi, ba ta taɓa kwana da kowa a bayan kantar 'yan sanda ba.

Mataki na 2: Kada ka ruɗi kanka kan abin da ya ɓace maka

Nan tsofaffi da yawa ke kuskure. Sai su ɗauka kujerar taro suke nema, ko lemon kwalba. Ba shi ba ne.

Jikata sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kama sunan, Inna nake ce mata. Mahaifiyar nan na bar ta tsaye a bakin ƙofa ranar da gari ya hargitse na gudu, ban sake ganinta ba. Da Inna tana ƙarama a ɗakina take wuni, tana danna tabon ƙafata da yatsa tana cewa in ba ta labarin kowanne. Har yanzu a gida tana gaishe ni yadda ya kamata, ban ce ba ta yi ba. Amma wata rana ina zaune a bencin mai gyaran takalmi ta zo wucewa da ƙawayenta cikin kayan makaranta. Ta ɗan rusuna ta ce, “Sannu, Baba.” Baba, irin wanda ake ce wa kowane mai furfura a titi. Wata doguwa cikinsu ta tambaye ta ko wane ne, ni kuwa kunnena bai tsufa ba. Na ji ta ce, “A gidanmu yake.”

A gidanmu yake. Akuya ma a gidanmu take.

Mai gyaran takalmi ya sunkuya yana neman ƙusar da ke hannunsa. Ni ma na ce masa ai yaran yanzu sauri suke yi, kada su makara. To ka riƙe wannan: abin da za ka je nema a makarantar nan kalma ɗaya ce, Kaka, a bakin yarinyar, a gaban mutane. In ba ka san abin da ka je nema ba, za a sallame ka da biskit.

Mataki na 3: San wanda aka ba wa katinka

A ƙarshen shekara makarantar na yin taro. Kowane aji ya zama ƙasa guda, kowane yaro ya yi fasfo na kwali, a kowace ƙofar aji a ajiye tebur da hatimi, sai an buga maka za ka shiga. Iyaye suna da katinsu, kuma kowane yaro an ba shi kati ɗaya na ƙari don ya kawo dattijon gidansu da ya ga duniya.

Katin gidanmu ya tafi wurin uban surukata, wanda nake kira Mai Tabarau. Ya yi ritaya daga ofis. Sau ɗaya aka sa shi a jirgin sama ya je taro, ya kwana a otal, ya dawo da hotuna da ƙananan sabulai da har yau bai yi wanka da su ba, suna cikin kabad ana nuna wa baƙi. Shi ne ya ga duniya. Ta taga.

Ɗanka ne za a aiko ya gaya maka, don shi aka fi iya aike. Nawa akawu ne, ya tsaya a bakin ƙofata yana wasa da makullin mota. Ya ce zaman zai yi tsawo, ga ƙafata, ga rana, kuma da yaren boko za a yi komai, zan gaji a banza. Ƙafar da ta taka ƙasashe ta ciyar da shi har ya san makullin mota, yau ita ce ba za ta iya zama a kujera ba.

Kada ka roƙa. Kada ka ja numfashi. Ka ce masa ai ka gode da ya faɗa da wuri, dama ranar kana da wata muhimmiyar sabga. In ya tambaye ka wace sabga, ka tambaye shi ko ya gyara famfon bayan gida da ya yi alkawari. Zai tafi.

Mataki na 4: Raina aikin, amma ka sa hannu

Ana gab da taron Inna ta shigo ɗakina, abin da ta daɗe ba ta yi ba, riƙe da tsohon silifas da reza. Ajinsu ne ƙasar ƙanƙara, ita aka naɗa ma'aikaciyar kan iyaka, kuma malama ta ce kowane aji ya sassaƙa hatiminsa. Ta riga ta lalata ƙafa ɗaya ta silifas ɗin, ta kuma yanke yatsa.

Ka karɓa ba tare da ka nuna murna ba. Ni na ga yadda ake sassaƙa hatimi a ƙarƙashin gada, wurin mutanen da in hatiminsu ya karkace wani zai yi shekara a kurkuku. Na sa ta zana haruffan a juye, na bi da wuƙata, na ƙara tauraro a tsakiya don kowace hukuma na son tauraro. Da muka gwada a jikin kwali sai ya fito ya fi na gwamnati kyau.

Daga nan ka koya mata aikin, don malamar ta ce musu su yi murmushi su ce barka da zuwa. Murmushi a kan iyaka. Na ce mata ma'aikacin kirki ba ya kallon fuska, takarda yake kallo. Yana barin mutum a tsaye har ƙafarsa ta fara magana. Yana tambaya kamar ya riga ya san ƙarya za a yi masa: takarda, daga ina, wa ka sani a ƙasar nan. Ta yi ta maimaitawa tana haɗe gira har muka yi dariya tare.

Ta ce, “Wanda ba shi da takarda fa?”

Na ce ta juya shi ya koma inda ya fito, ko ubanta ne.

Ta tsaya a bakin ƙofa da hatimin a hannu kamar akwai wata magana a bakinta. Na jira. Sai ta ce sai da safe. Kada ka taimaka wa yaro ya faɗi abin da ya kasa faɗa, za ka ɓata masa tarbiyya.

Mataki na 5: Bar manyan kayanka a akwati

Ga sirrin gaba ɗaya, kuma kyauta nake ba ka abin da na saya da fatar wuyana. Mai kyawawan kaya ake tambaya takarda. Wanda ke ƙarƙashin kaya ba a tambayarsa komai, don ba a ganinsa, kayan ake gani. Na tsallaka wata gada ƙarƙashin buhun albasa, soja na ce mini in yi sauri ina tare hanya. Na shiga wata ƙasa ɗauke da katifar matar babban jami'in iyakar, har ya ba ni na shan ruwa. Duk inda ka je a duniya mai gadi yana da ido ɗaya ne, kuma a kan masu takalmi mai sheƙi yake ajiye shi. Wannan ita ce al'adar duniya ta gaskiya, ita kaɗai ce kowace ƙasa ta yarda da ita, kuma ba a koyar da ita a aji.

Don haka ka sa tsohuwar rigarka ta aiki, ka naɗe tsumma ka yi gammo. Ka bari motar ɗanka ta tashi da su, Mai Tabarau a gaba yana gyara hula a madubi, sannan ka fita.

Mataki na 6: Nemi kaya, ka shiga

Ba a taron makaranta ba a yi hayar wurin zama ba, kuma motar kayan ba ta taɓa zuwa kan lokaci. Na same ta a bakin get ana sauke bencuna cikin gaggawa. Ban gaida kowa ba, na ɗora gammo na juya wa yaron mota baya, shi kuwa ya ɗora mini guda ba tambaya. Katakon yanzu ya fi na da nauyi, ban san abin da suke sa masa ba.

A bakin get maigadi ya tare wani mai babbar riga da ya manta katinsa a gida, suna ta kai ruwa rana, mutumin na faɗin muƙaminsa. Ni ko kallona bai yi ba, ya ce, “Baba, yi sauri, hagu za ka bi.”

Sai ka zaga duniya. Na wuce ƙasar da aka naɗe yara cikin zannuwan gado, sababbi, da alamar ninki a jikinsu. Na wuce wadda aka gina dutse mai aman wuta da takarda, wani malami na tsaye kusa da shi da bokitin ruwa. A wata ƙofar yara na ƙoƙarin cin taliya da tsinke biyu, rabi a ƙasa, uwayensu na ɗaukar hoto. Kowace ƙasa da hularta, kowace ƙasa na murmushi, babu mai yunwa, babu mai neman aiki, babu wanda aka kama. A kowane tebur ana buga wa masu kati hatimi, ni kuwa teburin ake ja gefe in wuce. Abin da ya cinye mini ƙuruciya na zagaye shi kafin shayi ya huce.

In gwiwarka ta fara rawa, kada ka sauke. Wanda ya sauke kaya ya zama mutum, mutum kuwa ana tambayarsa.

Mataki na 7: Kan iyaka ta ƙarshe

Za ka gane ajin da audugar da aka manna a tagogi, wai ƙanƙara ce. A ƙofar ga tebur, ga Inna da hular kwali da hatimina a gabanta, doguwar ƙawar nan a gefenta. Ta ƙofa ina hango Mai Tabarau a layin gaba da hotunansa a cinya, ɗana da matarsa a bayansa.

Malamar ajin ce ta fara ganina, wato ta fara ganin bencin. Ta ce madalla, dama wurin zama ya yi kaɗan. Ta ce in shiga da shi can ƙurya in koma in kwaso sauran, in an tashi za a sallame mu. Sannan ta juya ga Inna ta ce ta matsar da teburin, ɗan dako ne, ba sai an buga masa ba.

Ɗana ya ganni. Na ga ya ganni, don nan take ya gano akwai wani abu a kan takalminsa da ke bukatar a dube shi da kyau. Surukata ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta sa ba.

To nan ka natsu, don nan dabarar ke iya cin mai ita. Hanya a buɗe take. In yarinyar ta matsar da teburin ka shiga, ka yi nasara kamar yadda na yi maka alkawari, kuma ka shiga a matsayin benci. Kada ka kalle ta. Kada ka yi tari, kada ka kira sunanta. Ka sa ido a ƙasa kamar yadda ake yi a kowace iyaka, ka bar ma'aikaci ya yi aikinsa.

Teburin bai motsa ba. Ta bar ni a tsaye har ƙafata ta fara magana, yadda na koya mata.

“Takarda,” ta ce, idonta a kan tebur.

Na ce babu. Doguwar ta toshe baki tana dariya, malama ta ce ai wasan ya isa, mutumin na ɗauke da kaya.

“Daga ina?”

Na ce daga nesa.

“Wa ka sani a ƙasar nan?”

Ka saurara da kyau, don wannan doka ce da ban taɓa karyawa ba ko da aka ɗora mini bindiga a kunne. A kan iyaka ba a kama sunan kowa. Wanda ka ambata, ka jawo shi cikin ramin da kake. Na ce, “Ban san kowa ba, ranki ya daɗe.”

Sai ta ɗago ta yi abin da na hana ta, ta kalli fuska.

“Ƙarya kake, Kaka,” ta ce. Ba a hankali ta faɗa ba, har layin baya sun ji. Ta juya ga malamar ta ce kakanta ne, uban babanta, kuma shi ya sassaƙa hatimin nan. Teburin kuwa na nan inda yake.

Malama ta shiga ba da haƙuri da yare biyu. Ɗana ya taso da sauri ya karɓi bencin daga kaina, ya kasa riƙe shi, ya ja shi a ƙasa yana ƙara har ƙurya, kowa na kallonsa. Ban taya shi ba. Inna ta duba teburin, ba fasfo na ƙari, ba ko guntun kwali. Ta ce in miƙo hannu. Ta danna hatimin a tawada, ta buga mini a bayan hannu, tauraro a tsakiya. Duk ƙasashen da na shiga, wannan ce ta farko da ta ba ni izini.

Mataki na 8: Zauna, ka bar mai jawabi ya yi jawabinsa

Kada ka yi tsammanin za a ba ka lasifika. Ba a ba ni ba, ban nema ba. Na zauna a kan bencin da na kawo, na ɗora hannun a gwiwa ta yadda mai wucewa zai gani. Mai Tabarau ya tashi ya yi bayani kan otal, da ɗakin da ke hawa sama da mutane, da yadda ruwan zafi ke fitowa a famfo, aka zaga da hotuna, aka yi masa tafi. Ni ma na yi, da hannu ɗaya a cinya, don kada tauraron ya goge. Yara suka riƙe hannu suka yi tsalle cikin jajayen riguna, Inna ta taka ƙafar doguwar sau da yawa. Rawar banza ce, amma Inna ta fi sauran iyawa.

Ka sani, bizar ba ta daɗewa. Tawa ta ƙare a bakin buta lokacin alwalar la'asar, ina kallo tauraron ya bi ruwa. Ban damu ba, na ga biza mai tsada da ba ta kai haka ba. Washegari ina bencin mai gyaran takalmi suka zo wucewa, doguwar ce ma ta fara cewa, “Ina kwana, Kaka.” Na amsa a daƙile, don kada su saba.

A ƙarshe, a rubuta wannan da manyan haruffa, mai buga takarda. Duk wanda ya bi matakan nan bayansa ya riƙe, ko gwiwarsa ta goce, ko surukarsa ta daina sa masa nama a miya, kada ya zo ƙofata, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. In makarantar ta ba ka ladan dako ka karɓa, kai ka jiyo da kunyarka. Ni alkawarin da na yi shi ne za ka shiga ba wanda ya tare ka, kuma dabarata ba ta taɓa faɗuwa ba a ƙasa ko ɗaya. Ko za a sami wadda za ta ƙi matsar da tebur ta tare ka, wannan ba a hannuna yake ba. Ka je ka duba irin jikar da kake da ita kafin ka ɗauki benci.